Shin Duniya Hoton Haske Ce da Hankali Ke Sarrafawa?

Mas'alar da za mu yi bahasi a kanta yau ta daɗe tana yawo cikin littattafan Amurka da na Turai, har ta iso hannun matasanmu masu karance-karance, watau da'awar nan da ake yi cewa wannan duniya tamu, da duwatsunta da kogunanta da taurarin da ke bisanta, ba kome ba ce face wani irin hoton haske da ake kira hologiram, kuma wai hankalin ɗan Adam shi ne ke sarrafa hoton, yana mai da shi yadda ya ƙudurta a zuciyarsa. Da yake masu wannan da'awa ba su zo hannu rabbana ba, sai da suka jingina ta ga sunayen manyan masana waɗanda duniya ta sallama musu, ya wajaba mu bi sunayen nan ɗaya bayan ɗaya, mu ji abin da kowane ya faɗa da bakinsa, kana mu auna shi da abin da aka ɗora masa.

Shi hologiram abu ne tabbatacce wanda ba a jayayya a kansa, wataƙila ma yana cikin aljihun wani mai saurarenmu yanzu haka. Duk mai katin banki na Visa, irin mai ɗan tambari mai ƙyalli kamar azurfa, ya fito da shi ya karkata shi ga hasken taga, zai ga wata 'yar kurciya da launinta ke sauyawa daga kore zuwa shuɗi zuwa ja, fikafikanta kamar sun ɗago daga jikin katin, alhali kuwa in ya shafa da yatsa ba zai ji tudu ko kwari ba. Wanda ya gano asalin wannan hikima shi ne Dennis Gabor, injiniya ɗan ƙasar Hangari, wanda ya bar Jamus bayan Hitler ya hau mulki a 1933, ya koma Ingila yana aiki a wani kamfanin lantarki a garin Rugby, inda a 1947, yana cikin neman hanyar kyautata madubin ganin ƙananan abubuwan da ido ba ya gani, ya faɗa kan dabarar da ta jawo masa lambar yabo ta Nobel a 1971.

Ga yadda dabarar take, ku ba ni kunnuwanku sosai, domin duk abin da zai biyo baya a kanta ya ginu. Haske yana tafiya ne igiya-igiya, tana hawa tana sauka, amma hoton kyamara na yau da kullum ba ya riƙe kome sai ƙarfin hasken, inda ya yawaita da inda ya ƙaranta, ya zubar da labarin takun igiyoyin, watau wadda ta riga wata isowa, alhali a cikin wannan taku ne labarin nisa da zurfi yake ɓoye. Sai Gabor ya haɗa haske biyu a kan farantin ɗaukar hoto guda, ɗaya wanda ya taɓo abin da ake son ɗauka, ɗaya kuma wanda ya zo kai tsaye daga fitila; inda tudun wannan igiya ya gamu da tudun waccan haske ya ƙaru, inda tudu ya gamu da kwari haske ya mutu, har farantin ya cika da ƙananan zane-zane waɗanda ba su yi kama da kome ba. In aka sake haska farantin da irin hasken nan na biyu, sai zane-zanen su karya hasken su mayar da shi daidai yadda ya taso daga jikin abin tun farko, ido kuwa ya ga abu a tsaye da kaurinsa inda babu abu. Hotunan Gabor na farko ƙanana ne ƙwarai, dishi-dishi, don ba shi da fitila mai tsabtataccen haske. Sai da aka ƙera irin wannan fitila, watau leza, a 1960, sa'an nan Emmett Leith da Juris Upatnieks na Jami'ar Michigan suka nuna wa taron masana hoton wani jirgin ƙasa na wasan yara a 1964, jama'a suna leƙa bayan farantin suna neman inda aka ɓoye jirgin.

Akwai wata siffa ta irin wannan faranti wadda ita ce uwar duk zancen da muke tafe da shi: in aka fasa shi, aka ɗauki guntu guda aka haska, jirgin ake gani dukansa. Daga nan aka ciro kalmar nan da masu da'awa ke yawan maimaitawa, cewa kowane yanki yana ɗauke da dukan abu. Maganar tana da gaskiya, amma an datse mata wutsiya. Ku ɗauki misalin matar da ke zaune cikin ɗaki an saki asabari a ƙofa: in ta kai idonta ga 'yar kafa guda tsakanin karare, lalle za ta ga tsakar gida duka, da rijiya da turmi da turken akuya, sai dai daga kusurwa ɗaya tak, ba kuma za ta iya karkata kai ta ga abin da turmi ya kare mata ba, kamar yadda za ta iya da an naɗe asabarin. Haka guntun faranti yake. Gwargwadon ƙanƙantarsa, gwargwadon raguwar haske da tsabtar hoton da kusurwoyin kallo. Abin da ya tafi da sauran guntayen ya tafi.

To, yaya aka yi zance ya tashi daga faranti ya koma kan ƙwaƙwalwa? Wani masani Ba'amurke, Karl Lashley, ya shafe kusan shekara 30 yana koya wa ɓeraye hanyar fita daga akwati mai lungu-lungu, kana ya yanke wani sashe na saman ƙwaƙwalwarsu don ya gano inda karatun ya kwanta, har ya bayyana a 1950 cewa bai sami wurin ba, domin mantuwar ɓeran ta fi bin yawan abin da aka cire bisa ga wurin da aka cire shi. Karl Pribram, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa wanda ya yi aiki tare da Lashley kafin ya koma Jami'ar Stanford, da ya sami labarin farantin da ake fasawa hoto bai ɓace ba, sai ya ce ko dai haka ƙwaƙwalwa ke ajiye tunani, a baje cikin igiyoyin lantarkin jijiyoyi, ya kuma shimfiɗa ra'ayin cikin littafinsa na 1971. Zato ne mai kyau na mutum mai ilmi, kuma an amfana da wani sashe nasa wajen fahimtar yadda ƙwaƙwalwa ke tace abin da ido ya kawo mata. Amma tun 1953 an ga abin da ya taƙaita shi, lokacin da aka yi wa wani saurayi mai farfaɗiya, Henry Molaison, tiyata a Amurka, aka cire masa wani ɗan sashe daga kowane gefe na cikin ƙwaƙwalwa: ya tashi da wayonsa da maganarsa da labarin ƙuruciyarsa, amma daga ranar har rasuwarsa a 2008 in ya gana da mutum da safe, da rana ya zama baƙo gare shi. Mu ma nan mun sha ganin wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama ta ɗauke masa magana ta bar masa ji da gani. Da kowane yanki na ƙwaƙwalwa yana ɗauke da duka, da ba a ga haka ba.

Na biyun waɗanda ake kafa hujja da su shi ne David Bohm, kuma ina roƙonku ku riƙe sunansa da girmamawa, domin mutum ne da ya sha wuya saboda riƙon amana. Almajirin masanin kimiyya Oppenheimer ne, yana koyarwa a Jami'ar Princeton, sai a 1949 majalisar dokokin Amurka ta kira shi ya ba da shaida a kan abokansa da ake tuhuma da kwaminisanci, ya ƙi, ya rasa aikinsa, ya yi hijira zuwa Birazil a 1951, daga bisani ya zauna a Landan har ƙarshen rayuwarsa a 1992. Wata rana ya ga wani gwaji a talabijin na BBC wanda ya tsaya masa a rai: an sa kwalba cikin kwalba, aka cika tsakaninsu da gilisirin, man nan mai kauri da ake shafawa lokacin hunturu, aka ɗiga tawada ɗigo ɗaya, aka juya marfi a hankali, ɗigon ya miƙe ya zama zare, zaren ya sirance har ya ɓace, da aka juya marfin baya, sai zaren ya dawo, ya tattaru, ɗigon ya sake bayyana kamar ba a taɓa shi ba. Bohm ya ce wataƙila haka halitta take, akwai tsari naɗaɗɗe a baɗini wanda abubuwan da muke gani a rarrabe suke warwarowa daga gare shi zuwa zahiri, ya kuma kawo hologiram a matsayin misali cikin littafinsa na 1980. Ya yi tunanin cewa hankali da jiki duka daga wannan tushe guda suke fitowa. Sai dai abin da masu ɗaukar sunansa ba su cika faɗa ba shi ne, babban aikinsa na lissafi, wanda ya buga a 1952, ya gina shi ne musamman don ya nuna cewa ƙananan ƙwayoyin halitta suna da wurinsu da hanyarsu tabbatattu, ko an dube su ko ba a dube su ba.

Wanda ya ɗinke Pribram da Bohm wuri guda, ya daɗa musu labaran mafarkai da karamomi da warkewar ban mamaki, marubuci ne mai suna Michael Talbot, cikin littafinsa The Holographic Universe na 1991, kuma yawancin abin da ke yawo yau daga wannan littafi ya tsiro. Malamanmu na manɗiƙi sun riga sun yi mana bayanin irin wannan hujja, wadda suke kira tamsili, watau a ga abu biyu sun yi kama ta fuska ɗaya sai a ba ɗayan hukuncin ɗayan, suka kuma ce iyakar abin da take haifarwa zanni ne, ba ta kai ga yaƙini. Ƙwaƙwalwa ta yi kama da faranti ta wata fuska, halitta ta yi kama da faranti ta wata fuskar dabam; ɗauko waɗannan kamanni biyu a ce saboda haka ƙwaƙwalwa ita ke yin halitta, tsalle ne wanda babu wani burhani a ƙarƙashinsa.

Akwai kuma wata magana dabam, mai nauyi ƙwarai, wadda haɗuwar suna kaɗai ta sa ake cakuɗa ta da wannan. A 1972 wani ɗalibi a Princeton, Jacob Bekenstein, yana nazarin baƙin rami, watau gawar tauraron da ya ruguje cikin kansa har ko haske ba ya iya kuɓuta daga gare shi, ya kai ga natija mai ban mamaki, cewa yawan labarin da ramin zai iya ƙunsa yana bin faɗin fatarsa ta waje ne, ba girman cikinsa ba. Stephen Hawking, wanda ya fara da musu, lissafinsa na 1974 ya ƙarfafa maganar. Daga nan Gerard 't Hooft na ƙasar Holan a 1993, da Leonard Susskind bayansa, suka ce mai yiwuwa ne duk abin da ke faruwa cikin wani sarari a iya rubuta bayaninsa cikakke a kan iyakar da ta kewaye shi, kana a 1997 Juan Maldacena ɗan Ajantina ya kawo misali na lissafi inda abin ya yi daidai, aikin da ya zama cikin waɗanda aka fi ambata a fannin. Amma duniyar misalin Maldacena duniya ce ta takarda, mai wani irin lanƙwasa da tamu ba ta da shi. An ma gina wata na'ura a cibiyar Fermilab kusa da Chicago, mai hannuwa masu tsawon kimanin mita 40, don neman wata 'yar rawa a sarari da wani ra'ayi na wannan dangi ya yi hasashe, aka sanar a 2015 ba a same ta ba. Abin lura a nan shi ne, cikin lissafin waɗannan mutane duka babu gurbin da aka ajiye wa hankali ko niyya ko buri. Suna zancen inda ake iya rubuta bayanin abu ne, ba su ce abin wahami ba ne.

Saura hujja ta ƙarshe, wadda ta fi ruɗa mutane, cewa wai ilmin ƙwayar zarra ya tabbatar da mai kallo shi ke halitta abin kallo. Gaskiya ne ilektaron, ɗaya daga cikin ƙananan ƙwayoyin halitta, in aka harba shi ta ƙofofi biyu ba a bincika ta wadda ya bi ba, yana barin zane irin na igiya a bango, in kuwa aka kafa abin da zai gane ƙofar, zanen ya ɓace. Gaskiya ne kuma Eugene Wigner, babban masani mai lambar Nobel, ya rubuta a 1961 cewa wataƙila hankali ne ke yanke hukuncin, ko da yake shi da kansa ya janye daga ra'ayin daga baya. Abin da ya warware mas'alar ga mafi yawan masana shi ne gane cewa abin da ake kira kallo a nan cuɗanya ce kawai tsakanin ƙwaya da abin da ke kewaye da ita. A Jami'ar Biyana a 2003 an harba manyan ƙwayoyin gawayi cikin bututun da aka zuƙe iskarsa, zanen igiya ya fito. Aka riƙa sakin iskar gas kaɗan kaɗan cikin bututun, zanen ya riƙa dusashewa gwargwadon yawan karon da ƙwayoyin suka yi da iskar, ba tare da wani mai rai ya san ta inda kowace ta bi ba. An kuma gwada da'awar kai tsaye: Robert Jahn ya buɗe ɗakin bincike a Princeton a 1979, mutane suna zama gaban na'urar da ke fitar da lambobi barkatai suna ƙoƙarin karkata ta da niyyarsu, aka ba da rahoton ɗan bambanci ƙanƙane, amma da aka maimaita gwajin tare da ɗakunan bincike biyu na Jamus bai sake fitowa ba, aka rufe ɗakin a 2007.

Ɗaliban ilmin tauhidi da ke saurarenmu na san tuni sun gane fuskar baƙon nan, domin tsohon baƙo ne a zaurukan karatu. Imam Nasafi, wanda ya rasu a 1142, ya buɗe ɗan littafinsa na aƙida da tabbatar da cewa abubuwa suna da haƙiƙa kuma ana iya saninta, don raddi ga Sufasɗa'iyya masu musun haka, shi kuma Taftazani da ya yi masa sharhi ya kasa su gida uku, ɗaya daga ciki su ne Indiyya, masu cewa haƙiƙar abu tana bin abin da mutum ya ƙudurta game da shi. Imam Gazali ma ya ba da labarin yadda shakka ta kama shi kusan wata biyu, yana tuhumar idonsa da ke nuna masa inuwa a tsaye alhali tana tafiya, da tauraro kamar dinari alhali ya fi ƙasa girma. Amma ku lura, bai san idon ya yi kuskure ba sai don akwai inuwa ta gaske da tauraro na gaske da za a koma a auna.

Abin da ya sa na ɗauki wannan mas'ala da zafi, jama'a, shi ne abin da take haifarwa in ta bar littafi ta shiga ɗakin majinyaci. Littattafai irin su The Secret na 2006 sun koya wa miliyoyin mutane cewa tunaninsu ne ke jawo musu dukiya ko tsiya, lafiya ko cuta, kuma da jin fari maganar tana da daɗi, tana sa wa mutum ƙarfin gwiwa. Sai dai wanda ya yarda da rabinta na farko tilas ya yarda da na biyu, cewa matar da ciwon daji ya kama ita ta kira shi, manomin da damina ta yanke masa kuwa mugun zatonsa ne ya kore hadari. Wannan zalunci ne a kan wanda jarrabawa ta riga ta danne, kuma yana sa a jinkirta zuwa asibiti har lokacin da magani ke amfani ya wuce. Likitoci sun tabbatar kyakkyawan fata yana rage raɗaɗin da majinyaci ke ji, har ƙwayar da ba magani a cikinta takan sauƙaƙa ciwo in an yarda da ita, amma ba ta narkar da ƙari, ba ta kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jini. Kada kuma a rikita wannan da addu'a, domin mai addu'a bawa ne da ya san ba shi da iko yana roƙon Mai iko, yana kuma riƙe da sababi, mai waccan da'awa kuwa ya ɗora wa zuciyarsa aikin da ba nata ba.

Duk da haka akwai gaskiya guda da ta rage a hannun masu da'awar, ba kuwa ƙarama ba ce: duniyar da kowannenmu yake gani, hankalinsa yana da hannu wajen tsara ta. Ibn al-Haisam, ɗan Basra da ya rubuta Kitabul Manazir a Alkahira shekara dubu da suka wuce, bayan ya tabbatar cewa haske ne ke shiga ido daga waje, ya bayyana cewa gane nisan abu da girmansa da siffarsa hukunci ne da hankali ke yankewa da sauri har mai shi bai san ya yanke ba. Kuna iya gwada wannan yau a gida. A sami farar takarda, a zana ɗan gicciye a hagu, a sa baƙin ɗigo a dama, tsakaninsu kamar tsawon yatsa. A rufe idon hagu, a kafa na dama a kan gicciyen kada ya motsa, a miƙe hannu da takardar, sa'an nan a riƙa jawo ta zuwa fuska sannu sannu. In ta iso kamar taƙi ɗaya da 'yan kai daga ido, ɗigon zai ɓace ɗungum, domin hotonsa ya faɗa daidai inda jijiyar gani ta fita daga ƙwayar ido, wurin da ba shi da masu karɓar haske. Ba kuwa rami za ku gani a gurbinsa ba, farar takarda za ku gani sumul, wadda ƙwaƙwalwa ta cike muku da abin da ke kewaye. A daidai wannan lokaci ku ce wa wani na kusa da ku ya duba takardar ya faɗa muku ko ɗigon yana nan, kana ku matso da ita kaɗan ku ga ya dawo.

Iyakar abin da lokaci ya ba mu ke nan a yau. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu tsaya a kan Ibn al-Haisam da ɗakin duhun da ya yi gwaje-gwajensa na haske a ciki.